Wa Ke Riƙe da Littafin 'Yan Ƙwallonmu?

Daren Juma'a ne a Al Khabaisi, unguwar nan ta Deira a Dubai mai yawan shagunan sayar da motoci, garejoji da ɗakunan ajiye kaya. Mun kai mu takwas a ƙofar wani ɗan shagon shayi, kowa da kofin karak a hannu, jiragen sama na ta ratsawa ta kanmu. Akwai wani dattijo ɗan Kantin Kwari da ya zo sarin yadi, akwai matashi mai harkar waya a Farm Centre, akwai wani Bazazzagi direba, da wani bawan Allah ɗan Maraɗi. Da Hausawa suka cika haka a ƙasar mutane, in an gama zancen farashin dala da kuɗin kago, sai ƙwallo.

Musun da ya tashi a daren shi ne tsakanin Tijjani Babangida da Ahmed Musa wa ya fi yi wa Najeriya aiki. Bazazzagin ya tsaya kai da fata a kan Babangida, yana tuna mana ƙwallaye biyun da ya zura wa Afirka ta Kudu a Legas a wasan dab da na ƙarshe na Kofin Afirka na 2000, ga kuma zinaren Atlanta na 1996. Matashin ya zaro waya ya ce, "Yaya, ai ba sai mun ta da jijiyar wuya ba, komai na nan a rubuce." Ya shiga karanto mana wasannin Ahmed Musa a Rasha, kaka bayan kaka, har da mintin da aka sako shi da wanda aka cire shi.

Dattijon ya bari ya gama, sannan ya ce, "Madalla, ɗana. To duba mini, wasa nawa Rabi'u Ali ya buga wa Pillars, kuma ƙwallo nawa ya ci?" Yaron ya yi ta murza waya. Abin da ya samo guntu-guntu ne, wannan shafi da adadinsa, wancan da nasa, wasu shekarun ma babu komai a gabansu. Dattijon ya ƙara da cewa, "Raccah Rovers da ta ɗauko wa Kano kofin gasar ƙasa a 1978 fa, su wa suka ci mata ƙwallayen?" Yaron ya ce, "Baba, wannan kam sai ku." Dattijon ya yi ƙoƙarin jero sunaye, ya kawo uku, na huɗun ya kwanta masa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a aljihun dattijon nan akwai ɗan littafin da yake rubuta kowane bandir da ya saya, kowane dirhami da ya biya, da bashin da ake binsa da wanda yake bi. Mutanen da ba sa yarda kwali ɗaya ya shiga kago ba a rubuce ba, su ne suka bar tarihin 'yan wasansu na shekara arba'in da ɗoriya a hannun ƙwaƙwalwa.

1. Littafi mai rabi a cike, rabi a fari

Mu ɗauki Ahmed Musa, tunda shi aka fi sani. An haife shi a Jos a 1992. Ya taka leda a JUTH ta Jos, sannan ya zo Kano Pillars, inda a kakar 2009/2010 ya ci ƙwallo 18, ya karya tarihin ƙwallo 17 da Ishaya Jatau ya kafa tun 1990 a Iwuanyanwu Nationale. Daga nan sai VVV-Venlo ta Holan a 2010, ƙungiyar da shi ma Babangida ya taɓa buga wa. A Janairun 2012 ya koma CSKA Moscow, ya ci gasar Rasha sau uku da ita, a 2013, 2014 da 2016. Leicester City ta saye shi a 2016 a kan fam miliyan 16 da ɗoriya, ta mayar da shi CSKA aro a farkon 2018, sai Al-Nassr ta Saudiyya, inda ya ɗaga kofin gasar ƙasar a 2019. Ya dawo Pillars na ɗan lokaci a 2021, ya wuce Turkiyya ya buga wa Fatih Karagumruk da Sivasspor, sannan ya sake dawowa gida a 2024.

A rigar ƙasa kuwa, yana cikin waɗanda suka ci Kofin Afirka a 2013 ƙarƙashin marigayi Stephen Keshi. Ya zura wa Ajantina biyu a Porto Alegre a 2014, ya zura wa Iceland biyu a Volgograd a 2018. Babu ɗan Najeriyar da ya kai shi cin ƙwallo a Kofin Duniya, babu kuma wanda ya kai shi yawan buga wa Super Eagles wasa.

Duk wannan na rubuto shi ba tare da wahala ba, saboda galibinsa wasu ne suka adana mana. Rashawa sun rubuta nasu, Turawan Ingila sun rubuta nasu, FIFA ta rubuta nata. Amma je gidan kallo a Fagge ko Kurna ka tambayi masoyan Pillars, Sai Masu Gida, su faɗa maka ƙwallaye 18 ɗin nan: wace ƙungiya aka ci, a wane fili, wa ya ba shi ƙwallon? Za ka sha labari mai daɗi, kowa kuma da irin nasa. Kakar da ta fito da yaron, wadda ba don ita ba da Holan ba ta san da shi ba, ita ce mafi duhu a littafinsa.

To wannan wanda ya fita waje ke nan. Wanda bai fita ba fa? Rabi'u Ali, da 'yan kallo ke kira Pele, ya haura shekara 40 da haihuwa yana sanye da rigar Pillars. Ya je gasar 'yan wasan cikin gida ta Afirka a 2014, yana cikin waɗanda suka ci ƙwallo ranar da Najeriya ta farke uku da Maroko ta zura mata ta kuma yi nasara da ci 4 da 3. Pillars ta ci gasar ƙasa a 2008, 2012, 2013 da 2014, ta ci Kofin Aiteo a 2019. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar ta kai wasan dab da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka. Ta yi wasa 202 a gida ba a doke ta ba, har sai da Nasarawa United ta karya lagon a 2015. Wasa 202 ɗin nan mutane ne suka buga su, da masu tsaron raga da 'yan baya da waɗanda suka karye a fili. Ya kamata a ce yaro ɗan sakandare zai iya buɗe littafi ya ga sunan kowa da yawan wasan da ya buga a ciki.

2. Ranar da ɗari ta koma 98

Mai karatu zai iya cewa wannan ai ƙorafin masu son tarihi ne kawai. Bari in kawo inda rashin ƙirge ya ba mu kunya a idon duniya.

Ranar 7 ga Satumban 2021, Najeriya ta doke Cape Verde da ci 2 da 1 a Mindelo, hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta sanar cewa Ahmed Musa ya cika wasa 100. Aka yi ta taya murna. Ba a jima ba sai aka gano a lissafin FIFA wasa 98 gare shi. Wasanni biyu ba sa cikin ƙirgenta. Na farko shi ne wasan sada zumunta da Togo a Faransa a Yunin 2017, wanda aka canja 'yan wasa fiye da yadda doka ta yarda, don haka ya fita daga jerin wasannin da ake ƙirgawa. Na biyu shi ne wasan neman gurbin Kofin Duniya da Aljeriya a Constantine, a Nuwamban 2017. Sai a watan Oktoban 2021, a karawa da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ɗarin ta cika da gaske, a Nuwamba kuma ya wuce Joseph Yobo da Vincent Enyeama masu wasa 101 kowannensu.

Wasan Aljeriyan nan shi ne abin dubawa. An tashi kunnen doki 1 da 1 a fili, amma FIFA ta ba Aljeriya nasarar 3 da nema, ta kuma ci tarar Najeriya, saboda an sa Shehu Abdullahi, ɗan Sakkwato, alhali yana da katin gargaɗi biyu da suka hana shi buga wasan. Ɗaya ya karɓa tun a karawa da Swaziland a 2015, ɗayan a karawa da Zambiya a Uyo a 2017. Tsakanin katin farko da na biyu kusan shekara biyu ne, ba wanda ya riƙe lissafin. Allah ya taimake mu mun riga mun samu gurbin zuwa Rasha kafin wasan. Da a ce makin nan ake jira, da kuskuren alƙalami ya hana ƙasa mai mutum sama da miliyan 180 a lokacin zuwa Kofin Duniya. Kuma na tabbata da yaron za a ɗora wa laifin, a bar mai riƙe da takarda.

3. Wake ɗaya

Hausawa na cewa wake ɗaya ke ɓata gari. A ƙwallo, inda babu rubutaccen tarihi a hannun jama'a, minti ɗaya ke cinye shekara goma.

Ambaci Sani Kaita a kowace majalisa, abin da za a fara tunawa shi ne jan katin da ya karɓa a wasan Girka a Bloemfontein, ranar 17 ga Yunin 2010, muna gaba da ci ɗaya, aka ƙare an doke mu 2 da 1. Kuskure ne, ba mai musu, shi ma ya nemi afuwa. Har saƙonnin barazana aka riƙa tura masa. Amma wannan ɗan Kanon, wanda ya fito daga Pillars, yana cikin tawagar da ta kai wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 'yan ƙasa da shekara 20 a Holan a 2005, yana kuma cikin waɗanda suka ɗauko azurfa a gasar Olamfik ta Beijing a 2008. Sau biyu Ajantinar Messi ce ta tare su a wasan ƙarshe. Mutum nawa ne a Arewa ke da lambobin yabo irin waɗannan a ɗakinsa? Yaran da aka haifa bayan 2010 ba su san wannan ba, jan katin kawai aka gadar musu.

Haka Yakubu Aiyegbeni. An manta ƙwallo 95 da ya ci a Firimiyar Ingila da 21 da ya ci wa Najeriya, ana ta maimaita wadda ya ɓarar a gaban raga a wasan Koriya ta Kudu. An ma manta cewa a wannan wasan, bayan 'yan mintoci, shi ya tsaya ya buga fenaretin da ya farke mana.

Daga Al Khabaisi, in ka hau jirgin ƙasa na koren layi, tasha kaɗan ce tsakaninka da filin wasa na Rashid, gidan Al Ahli ta Dubai, wadda ta haɗe da wasu ƙungiyoyi biyu a 2017 ta zama Shabab Al Ahli. A nan Asamoah Gyan na Gana ya yi zaman aro a kakar 2016/2017, bayan ya riga ya zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar ƙasar sau uku a jere tare da Al Ain. Ɗan Maraɗin da ke tare da mu a daren, da aka ambaci Gyan, abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne fenaretin da ya buga wa turke a wasan Yurugai a 2010. Amma Gyan na da abin da zai kare kansa da shi: ƙwallo 51 a wasa 109 ga Gana, da ƙwallo 6 a Kofin Duniya, adadin da ya sa ya wuce Roger Milla. In an yi masa gori, alƙaluma za su tsaya masa. Ɗan wasanmu na gida da ya yi shekara goma sha biyar yana bin motar ƙungiya daga Kano zuwa Aba da Fatakwal, in ya ɓarar da fenareti ɗaya a filin Sani Abacha, ba shi da takardar da zai nuna. Wannan zalunci ne da muke yi wa mutanenmu ba da niyya ba.

4. Har da kuɗi a ciki

Ga waɗanda ba sa motsi sai an ambaci kuɗi, to akwai su. Dokar FIFA ta ce duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata yana cikin kwantiragi, za a ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. A cinikin fam miliyan 16, kashi biyar ɗin nan fam dubu 800 ne. Akwai kuma diyyar horarwa da ake biya idan yaro ya sa hannu a kwantiraginsa na farko na ƙwararru. Da me ake rabon? Da takardar da ake kira fasfon ɗan wasa, wadda ke nuna ƙungiyar da ya yi wa rajista a kowace shekara. Tun 2022 FIFA ta buɗe ofishi na musamman a Faransa da kuɗin ke bi ta cikinsa.

Kocin unguwa da ya ɗauki yaro tun yana ɗan shekara 12, ya saya masa takalmi, ya biya masa kuɗin mota, ya roƙi mahaifinsa ya bar shi ya yi wasa, in bai yi masa rajista ba, a idon doka bai taɓa ganinsa ba. Na taɓa zama da wani irin wannan koci a wani gari na Arewa. Ya nuna mini hotunan yaransa a cikin wata tsohuwar jaka, yana nuna wanda ya tafi Turai da yatsa. Na tambaye shi takardar rajista, ya ce ai kowa a unguwar shaida ne. Shaidar unguwa ba ta ƙetare teku. Wani da ya riƙe yaron wata shida, amma ya iya cike takarda, shi zai kwashi rabon.

5. Yaran filin Rashid

A wannan filin na Rashid ne Golden Eaglets suka doke Suwidin da ci 3 da nema a wasan dab da na ƙarshe na Kofin Duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2013, kafin su je Abu Dhabi su lallasa Meziko 3 da nema ranar 8 ga Nuwamba. Manu Garba ne kocinsu. Kyaftin ɗinsu Musa Muhammed, ɗan Kano, shi ya rufe wasan ƙarshe da bugun tazara. Kowa ya san inda Kelechi Iheanacho da Taiwo Awoniyi suka kai, domin Ingila ta rubuta. Sauran fa, su Musa Yahaya da ƙafarsa ta riƙa ba mutane mamaki a gasar? Da muna bin sawun kowane ɗayansu shekara bayan shekara, da mun gane a wane mataki yaranmu ke ɓacewa: hannun dillalai ne, rauni ne, ko gaggawar fita zuwa ƙungiyar da za ta ajiye su a benci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai in yana kwana a ɗakin.

6. Alƙaluma ba su ne komai ba

Na san abin da dattijon Kantin Kwari zai ce, domin ya faɗa a daren: "Ɗana, waya ba ta ga gudun Babangida ba, ni na gani." Gaskiyarsa. Ƙwallaye biyun da Ahmed Musa ya zura wa Barcelona a Agustan 2016, waɗanda har yau ake yaɗa hotonsu, ba sa cikin kowane lissafi na hukuma, saboda wasan share fage ne. Wanda ya dubi ƙwallo biyu kacal da ya ci wa Leicester a Firimiya zai ce bai iya ba, alhali a bazarar 2018 shi ya ɗauki ƙasa a kafaɗarsa a Volgograd. Garba Lawal ya yi shekaru yana toshe duk gurbin da aka sa shi a Super Eagles, irin aikin da ba ya fitowa a jerin masu cin ƙwallo.

Don haka ba cewa nake a ajiye labarin baka a rungumi lamba ba. A haɗa su. Lamba ta riƙe rana da wuri da adadi, baki ya kawo yadda abin ya faru. Matsalar ita ce masu bakin suna tafiya. Waɗanda suka kalli Raccah Rovers da Ranchers Bees da idonsu yau sun manyanta, kowace shekara kuma ana rage su. Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, mai ƙwallo 37 a rigar Najeriya, ya rasu a 2012, labarin farkon tashinsa a UNTL ta Kaduna kuma sai abin da tsofaffin abokan wasansa suka riƙe a ka.

Kuma kada wani ya ce rubuta tarihi ba ɗabi'armu ba ce. Garin da ya adana sunayen sarakunansa tun daga Bagauda, da shekarun da kowanne ya yi a karaga, bai kamata ya gaza riƙe sunayen mutum goma sha ɗaya na ranar Lahadi ba.

7. Aikin da ke gabanmu

Kayan aikin suna nan. Alƙalin wasa da kwamishinan wasa suna cike takarda a kowace karawa ta gasar ƙasa. Tsofaffin kofen New Nigerian, Triumph da Gaskiya Ta Fi Kwabo na ɗauke da rahotannin wasanni na shekaru masu yawa, ana kuma iya bin sawunsu a ɗakunan adana takardu irin su Gidan Arewa da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna. Tsofaffin masu sharhin wasanni na Rediyon Kano da Rediyon Kaduna wasunsu na raye. Ɗaliban tarihi da na aikin jarida a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello na neman abin da za su yi bincike a kai kowace shekara. Abin da ya rage shi ne wanda zai ce a fara, ya kuma biya mutum biyu ko uku albashi su zauna a kan aikin.

A 2025 gwamnatin Kano ta naɗa Ahmed Musa babban manajan Kano Pillars. Babu wanda ya fi shi sanin zafin wannan lamari, shi da aka taɓa yi wa bikin ɗari aka dawo aka ce saura biyu. Kirana gare shi da hukumar ƙungiyar shi ne a buɗe kundi tun daga 1990 da aka kafa Pillars: kowane wasa, kowane ɗan wasa, kowace ƙwallo da kowane kati, a sa shi a intanet da Hausa da Turanci, a kuma buga shi a takarda. Katsina United, El-Kanemi Warriors, Wikki Tourists da Niger Tornadoes su bi sahu, haka ƙungiyoyin Maraɗi da Damagaram.

Ku kuma 'yan kasuwarmu na Deira da Kantin Kwari, da kuke ɗaukar nauyin gasar unguwa da kofi da riguna, ku ƙara da kuɗin littafi da na wanda zai riƙa rubutawa. Kai kuma mai karatu, in akwai tsohon ɗan wasa a unguwarku, ka je gidansa a wannan makon da wayarka, ka gaishe shi, ka naɗi muryarsa, ka ɗauki hoton tsofaffin hotunansa, ka tambaye shi sunan kowa da ke ciki.